Motar Lantarki: Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, hankalin ƙananan ma'aikata da mu ɗalibai masu shirin kama aiki ya karkata ga mota mai aiki da lantarki. Ba mu ga laifin mai wannan sha'awa ba, domin mota ce wadda ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta bukatar juyen baƙin mai. Amma kuwa wajibi ne mu tambaya: in ta ƙi caji, wa zai gyara ta?

Iyayenmu sun amince da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, saboda kowane gari akwai bakaniken da ya san cikinta, kuma akwai kayan gyaranta a kasuwa. Motar lantarki ba ta kai wannan matsayi ba tukuna. An fara harhaɗa Hyundai Kona a Legas a 2020, a 2021 kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Wannan abin yabo ne, sai dai tasha ɗaya ba ta isa mai tafiya daga Sakkwato zuwa Maiduguri ba.

Matsalar caji iri uku ce. Ta farko ita ce wutar kanta. Batirin Kona mai ɗaukar kilowat-awa 64 yana bukatar kimanin awa 9 zuwa 10 kafin ya cika a na'urar cajin gida, alhali kuwa unguwanni da yawa ba su samun wuta mai tsawon haka a jere. In kuma ta zo da rauni, na'urar takan katse cajin don ta kare kanta. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu. Ta biyu ita ce bakin caji: motocin Sin suna da nasu samfurin, wasu na Japan da nasu, na Turai da nasu, har mutum ya isa tasha ya tarar bakin bai shiga motarsa ba. Ta uku kuwa zafi ne, wanda ke saurin tsufar da batir, musamman a mota irin tsohuwar Nissan Leaf wadda ba a sa wa batirinta ruwan sanyaya ba.

Duk waɗannan da sauƙi in da mai sayarwa yana tsaye bayan hajarsa. Abin takaici, dillalai da yawa sun ɗauka ciniki ya ƙare ranar da aka miƙa makulli. Mai mota ya koma da kuka, sai a ce a jira kaya daga waje, mako ya zama wata, motar na jibge a gareji, bashin da aka ci aka saye ta kuwa ana cire shi daga albashi. Bakaniken unguwa ba shi da na'urar binciken kwamfutar motar, batirin kuma yana ɗauke da wuta mai ƙarfin kimanin bolt 400, wadda ta isa ta kashe wanda bai san kanta ba.

A 2021 kamfanin Hyundai ya kira motoci kimanin 82,000 don a sake musu batir saboda haɗarin gobara, General Motors ma ya yi haka da Chevrolet Bolt a Amurka. Wanda ya saya ta hannun wakilin kamfani yana da inda zai kai ƙara. Wanda ya sayi 'yar Kwatano fa, wa zai ko sanar da shi?

Saboda haka muna kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, da ta wajabta wa duk mai shigo da irin waɗannan motoci ya tanadi wurin gyara, da ƙwararrun makanikai, da kayan gyara, kafin ya sayar da ko guda. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su ma su shigar da gyaran batir da na'urar caji cikin manhajarsu.

Mu kuma, 'yan'uwa, kada ɗoki ya ɗebe mu. Manyan kamfanoni sukan lamunci batir har shekara 8 ko tafiyar kilomita 160,000. Mu nemi a rubuta mana wannan a takarda, mu ga garejin dillali da idonmu, mu gwada caji a gidan da muke zaune. Wanda ya ƙi sa hannu a kan alkawarinsa, mu bar masa motarsa.