Kafin A Ɗora Wa Batir Laifi, A Ɗauko Mita

A duk kayan mota babu wanda ake yi wa ƙazafi kamar batir. Mota ta kwana biyu a ajiye, ranar Litinin a murɗa makulli a ji ƙyas-ƙyas, nan take an yanke hukunci: batir ya mutu. A tura, a kai caji, bayan mako a sake turawa, daga nan a je a sayo sabo da kuɗin da kowa ya san yanzu ba na wasa ba ne. Bayan 'yan watanni sabon ma ya bi sahun tsohon, sai a koma zagin mai shago wai jabu ya sayar. A ganina, sau da yawa batirin nan zaluntarsa aka yi, ɓarawon yana ɓoye a bayan rediyo. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, mu ɗaliban kwalejin fasaha, har da 'yan sashen lantarki, da mu ake turin, amma da wuya ka ji wani ya ce a tsaya a auna.

Mu fara da lissafin da ɗan ND1 ma zai iya. Batirin ƙaramar mota yawanci yana tsakanin 60Ah da 75Ah. Mota mai lafiya, idan an kashe ta an rufe, ba ta daina shan wuta gaba ɗaya, domin agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar kulle ƙofa suna ɗan lasa. Wannan lasar dai bai kamata ta wuce miliamp 50 ba. To ka ɗauka akwai rediyon da ba ya mutuwa, yana jan rabin amp dare da rana. A awa 24 ya sha 12Ah. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ya sha kusan 30Ah, rabin batir ke nan. Ga shi batirin tayar da inji an ƙera shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, altaneta ta mayar masa nan da nan, ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba. Duk sanda ya kwana a zuƙe, gishirin salfet yana daskarewa a jikin faranti, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba duka ke dawowa ba ko an yi caji. Saboda haka wanda ya ce sabon batirinsa ya lalace bai yi ƙarya ba. Ya lalace ɗin, motarsa ce ta kashe shi.

Ta yaya rediyo ke zama ɓarawo? Rediyon mota na kasuwa yana da wayoyin wuta guda biyu. Mai ruwan ɗorawa tana zuwa daga batir kai tsaye, kullum da wuta, ita ke riƙe tashoshi da agogo. Ja kuma daga makulli take, ita ke gaya wa rediyo ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ta tafi jikin bodi. A soket ɗin da ake kira ISO 10487, wanda motocin Turai da dama ke amfani da shi, rami na 4 na wutar dindindin ne, na 7 na makulli. Sai dai kamfanin Volkswagen, da Audi da wasu motocin Opel, sun juya waɗannan biyun a motocinsu da yawa. Ku duba tashoshin motarmu ku ga yawan Golf da Sharon 'yan Kwatano da ke jigila, za ku gane wannan magana ta gida ce.

Abin da ke faruwa shi ne, an cire rediyon asali an sa sabo, sai mai mota ya dawo yana ƙorafi: "Oga, duk sanda na kashe mota sai tashoshina su goge." Gyaran gaskiya bai fi minti biyu ba, a musanya ja da ɗorawa, har ma yawancin wayoyin haɗi suna zuwa da 'yan kawuna da aka yi musamman don wannan musanya. Amma gyaran gaggawa da aka fi yi shi ne a murɗe ja da ɗorawa wuri guda, a kai su ga wutar dindindin, a naɗe da salatif. Tashoshi sun daina gogewa, mai mota ya yi godiya ya ƙara da na goro. Daga ranar rediyon bai ƙara sanin an zare makulli ba.

Rediyoyin Android masu babban allo da ake yayi yanzu sun ƙara dagula lamarin, domin su ƙananan kwamfutoci ne. Allon zai yi baƙi ka ɗauka ya mutu, alhali cikinsa na aiki. A motocin da suka fi sabunta kuma, wasu ba su da jar wayar makulli a bayan rediyo kwata-kwata, saƙon kwamfuta ne ke bi ta layin CAN ya tashe shi. Sai an sa ɗan akwatin da ke fassara saƙon, kuma idan akwatin na banza ne yana iya hana sauran kwamfutocin motar yin barci. Ga masu son kiɗa ya girgiza unguwa: amfilifaya tana da siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ke kunna ta. Idan aka ɗauko wannan daga wutar dindindin maimakon daga rediyo, amfilifayar za ta kwana a kunne cikin but, babu sauti, babu wanda ya sani.

Duk wannan mitar dijital ta talaka tana kama shi. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka tabbatar fitilar ciki ta mutu. Idan kana buƙatar ƙofa a buɗe don ka kai ga akwatin fiyus, ka danne maɓallin ƙofar ko ka tura harshen kullenta da sukudireba, motar ta ɗauka a rufe take. Ka mayar da jar wayar mita ramin 10A, ka kwance kan batir na nagatif, ka sa mitar tsakanin kan batirin da wayar da ka cire. Kada ka kuskura ka murɗa makulli a wannan hali, kik yana jan amp sama da ɗari, fiyus ɗin mitarka zai tafi nan take. Sannan ka yi haƙuri. Motar zamani tana iya ɗaukar minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin kwamfutocinta su kwanta, kuma wanda ya karanta lamba a minti na farko zai kama marar laifi. In lamba ta zauna a miliamp 30, lafiya lau. In ta tsaya a 400 ko 600, to sai ka bi fiyus ɗaya bayan ɗaya kana zarewa kana kallon mita. Wanda ka zare lamba ta faɗi, layinsa ne ɓarawon yake.

Idan ka zare duka lamba ba ta motsa ba, ka nemi abin da aka ɗaura wa batir kai tsaye ba tare da fiyus ba, irin su na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi ko fitilun ado. Ka kuma cire babbar wayar altaneta ka gani, domin diyod ɗinta guda idan ya ƙone, wuta na iya komawa ta cikinta da dare.

Na san wani zai ce ai batir ma yana mutuwa don kansa. Gaskiya ne, musamman a nan. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir yana cin faranti, kuma batirin da ya shekara uku ko huɗu a wannan yanayi ya yi ƙoƙari. Amma wannan ma mita ce ke faɗa. Batir cikakke da ya huta zai nuna kusan volt 12.6. In ka ga 12.2, ya kai rabi. In inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, ƙasa da haka altaneta ba ta caji yadda ya kamata. Ka cika batir, ka cire kansa ya kwana biyu shi kaɗai: in ya riƙe wutarsa a waje amma yana zubarwa a cikin mota, ka san inda matsalar take. Gwajin da nake roƙon a daina shi ne na cire kan batir inji na aiki wai a ga ko mota za ta mutu. A tsohuwar Fijo an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, wutar altaneta na iya yin tsalle ta ƙona abin da ya fi batirin tsada nesa ba kusa ba.

Waɗanda suka fi kowa nazarin wannan matsala su ne Turawan da ke mayar da bas ɗaki, su sa gado da firji da fitilu su tafi yawon hutu, irin Volkswagen Transporter ɗin da ake gani a Jamus da Ingila. Mutum zai yi kwana uku a bakin teku yana jin rediyo inji a kashe, kuma dole motar ta tashi ranar komawa. Maganinsu batir biyu ne. Ɗaya na tayar da inji kawai, ba a taɓa shi. Na biyu irin mai jure zuƙa ne, kamar na sola, shi ke ɗaukar rediyo da firji da fitila. Tsakaninsu akwai rile da ke haɗa su idan inji na aiki don su yi caji tare, ya raba su da zarar an kashe. Kowane ɓangare na wayar da ta haɗa su yana da fiyus kusa da kan batir, domin kowane batir na iya tura wuta idan waya ta goge ta taɓa bodi. A sababbin motoci masu altanetar da kwamfuta ke sarrafawa, rile kaɗai ba ya wadatarwa, sai an sa cajar DC zuwa DC.

Mu ba mu da al'adar kwana a mota don nishaɗi, amma muna da masu buƙata iri ɗaya sak. Mai tallan magani da ke tsayawa a kasuwa awa huɗu lasifika na ihu. Motar shela ta masu wa'azi da ta 'yan siyasa. Bas ɗin da muke haya lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, wadda ake cika wa sifiku. Yawancinsu ko dai su bar inji na aiki a tsaye suna ƙona fetur a wannan tsadar, ko su kashe su dogara ga masu turi. Rile guda, fiyus biyu, waya mai kauri da batir na biyu sun raba su da wannan wahala. Aiki ne na yini ɗaya, kuma sana'a ce da ke jiran mai yi.

A nan ne nake da magana da mu kanmu. Ba na cikin masu raina masu riwaya. Mutumin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin dashbod ya san inda kowace waya ta bi a Golf ko Hiace ido rufe, abin da ni da takardata ban sani ba. Abin da da yawansu ba su samu ba shi ne wanda zai nuna musu amfanin ramin 10A na mita, shi ya sa fitilar gwaji ce makaminsu, ita kuwa tana nuna akwai wuta ne kawai, ba ta faɗin nawa ke gudu. Mu kuma an koya mana dokar Ohm da ta Kirchhoff, mun zana da'ira a allo mun ci jarrabawa, amma a ba ɗayanmu mota mai zubar da wuta sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Lokacin SIWES kowa na neman ofis mai sanyi inda za a sa masa hannu a littafi, ba mai son garejin da zai ɓata masa riga. Alhali wanda ya yi wata huɗu a hannun ƙwararren mai riwaya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, da mitarsa a aljihu, zai dawo da abin da zai ci abinci da shi tun kafin sakamakon HND ya fito.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ba ta buƙatar kasafi mai nauyi. A nemi izinin hukumar makaranta a ware safiyar Asabar ɗaya a wata, a filin ajiye motoci, 'yan lantarki da 'yan kanikanci su riƙa auna motocin malamai da ma'aikata da na ɗalibai kyauta, ƙarƙashin kulawar malamin bita guda. Gwaji uku kawai: wutar batir a huce, cajin altaneta, da abin da mota ke sha bayan an kashe ta. A rubuta wa mai mota lambobin a takarda ya kai wa mai gyaransa, mu ba za mu yanke wayar kowa ba. Kayan aikin su ne mita biyu ko uku, sifana mai lamba 10, da fiyus na mita na ajiya, don tabbas wani zai manta ya murɗa makulli. A gayyato mai riwaya ɗaya daga gari a biya shi kuɗin yininsa, ya nuna mana yadda ake zare rediyo ba tare da an fasa dashbod ba. Motar farko da za a fara da ita kuwa, ina ba da shawarar bas ɗin ƙungiya.