Geocaching: Kada ka tsallake shuɗiyar alamar tambaya

Duk wanda ya fara wasan Geocaching, shawarar da tsofaffin hannu ke ba shi guda ce: ya bi koren akwati a taswira, ya ƙyale shuɗiyar alamar tambaya sai ya goge. Shawarar ta yi daidai ga mazaunin Jamus ko Amurka, inda mutum zai taka daga gida zuwa tashar bas ya wuce akwatuna da dama. Amma ga matashin da ke Kano ko Maraɗi, ni a ganina a juye take. Daga alamar tambayar ya kamata ya fara.

Ga wanda bai san wasan ba, farautar ɓoyayyen abu ce da GPS ɗin waya. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, kuskuren da ke kai mita 100 ya ragu sosai. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet, ya ce a nemo. Yau akwai irin waɗannan akwatuna sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, akasari a rajistar shafin geocaching.com. In ka samu akwati, ka sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, ka mayar da shi yadda ka same shi.

Koren akwati yana ba ka lambobin wurin kai tsaye, aikinka tafiya ce kawai. Mai alamar tambaya kuwa, lambobin da ke saman shafinsa na bogi ne, in ka bi su za ka iya tsintar kanka a tsakiyar titi ko bakin tafki. Sai ka warware kacici-kacicin da mai akwatin ya shirya kafin ka san inda ya ajiye shi. To a garuruwanmu akwatunan ba su da yawa, duba taswirar ka gani da idonka. Abin da za ka iya yi daga ɗakinka da ɗan guntun data shi ne rabin wasan da ake yi da ƙwaƙwalwa, kuma wannan rabin yana cikin alamar tambaya.

Abin da ke korar sabon shiga shi ne ya buɗe shafi ya tarar da hoton tsuntsaye goma sha biyar, ko jerin haruffa marasa ma'ana, babu ko tambaya. Sai ya rufe. Alhali tun kafin ya fara yana riƙe da fiye da rabin amsar. Ƙa'idar shafin ta ce ainihin wurin kada ya wuce kilomita 3.2 daga lambobin bogi. Ana rubuta lambobin wuri da digiri da minti, misali a Kano wani abu kamar N 12° 00.270 E 008° 31.450. Minti ɗaya na arewa zuwa kudu mita 1,852 ne, kenan kilomita 3.2 bai kai minti biyu ba. Ma'ana digirin da wuya ya canza, mintin ma da ɗaya ko biyu zai motsa. Galibi lambobi uku na ƙarshe a kowane ɓangare kake nema, shida kenan, ko goma in an haɗa da mintin, ko goma sha biyar in duka aka ɓoye. Saboda haka ka fara da ƙirga: abubuwa nawa ne a shafin? Idan tsuntsayen goma sha biyar ne, kowane tsuntsu lamba ce, kuma ka riga ka san na farko 1 ne, na biyu 2, na uku 0. Daga nan sai ka tambayi kanka me ya sa wannan tsuntsu ya zama 1. Ƙofar ta buɗe.

Masu sauƙin ma ba sa kai nan. Za su rubuta maka N 12° 00.ABC, su ce A adadin launukan tutar Najeriya ne, B yawan ƙasashen Hausa na asali, C lambar ƙarshe ta shekarar samun 'yancin kai. Ka samu 270. Kowane akwati yana da taurarin wahala daga 1 zuwa 5, ka tsaya kan 1 da 2 tukuna.

Sauran kuma ɓad-da-bami ne na haruffa, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya yi zaurance yana yaro ya san yadda ake ɓoye magana a cikin magana. Malamanmu na da ma a ƙarshen waƙoƙinsu na ajami sukan rubuta shekarar da suka yi waƙar da ramzi, kalma guda wadda in ka haɗa lissafin haruffanta sai shekarar ta fito. Dabarar da masu Geocaching suka fi yawan amfani da ita ƙanwar wannan ce: A ita ce 1, B ita ce 2, har Z ta zama 26. Akwai kuma ROT13, inda ake tura kowane harafi gaba da mataki 13, KANO ta koma XNAB. Da ita shafin kansa ke rufe ɗan hasken da mai akwati ya bari. Wasu kuma su yi farin rubutu a kan farin shafi, ba ka gani sai ka danna ka zaɓi rubutun duka. Wannan ya sa buɗe shafin a burauza ya fi manhaja, kuma a burauza ana karanta mafi yawansu da asusun kyauta.

Na san abin da wani zai ce: me zai hana in kwafa in liƙa wa ChatGPT? Ba wanda zai hana ka. Wani lokaci zai warware, wani lokaci ya ƙirƙiro maka lambobi cikin gadara su kai ka gonar wani. Amma ko ya dace, me ka samu? Akwatin da ke ƙarshe sau da yawa ɗan gwangwani ne da takarda a ciki, babu kuɗi, babu kyauta. Daɗin duka yana cikin lokacin nan da ka kwana biyu kana kallon hoto sai kwatsam ka gane. Wanda ya ba injin wannan, ya sayar da nama ya riƙe ƙashi. Amfani da shafi irin Geocaching Toolbox don juya haruffa bayan kai ka gano irin dabarar, wannan daban ne, kayan aiki ne. In ka maƙale, ka aika wa mai akwatin saƙo ka faɗa masa inda ka tsaya, yawancinsu suna jin daɗin ba da haske. Da yawa kuma suna saka ma'aunin amsa a shafin, ka shigar da lambobinka ya ce maka daidai ne ko a'a.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne ba a lissafa maka akwati sai ka je ka sa hannu, kenan wanda ya warware na birnin Berlin daga Zariya bai samu komai a asusunsa ba. Gaskiya ne. Sai dai shafin yana ba ka damar ajiye lambobin da ka gano, suna nan ko bayan shekaru, ranar da karatu ko kasuwanci ya kai ka can. Kafin nan kuma ka iya karanta lambobin wuri, abin da zai yi maka amfani duk ranar da za ka kwatanta wa wani gona ko fili da babu adireshi.

Idan har kun kai ga shirya naku da abokai, ku yi hattara da wurin ajiya. A 2011 a garin Wetherby na Ingila an rufe tsakiyar gari, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwatin wasan bayan an ga mutum yana laluben sa. Can kenan. A nan, da halin tsaron da ake ciki, kada ka kuskura ka ɓoye gwangwani kusa da kasuwa, tasha, wurin ibada ko shingen jami'an tsaro. Ku nemi fili mai mai shi, ku nemi izininsa, ku yi amfani da robar da ake ganin cikinta, a rubuta a jikinta cewa wasa ne. Ƙa'idar wasan ma ta hana binnewa, don haka ba ruwanku da haƙa.