Gidan Washington da Makabartar Bayinsa

A bakin Kogin Potomac, cikin Jihar Virginia ta Amurka, akwai wani gandu mai suna Mount Vernon. A nan George Washington, shugaban ƙasar na farko, ya zauna, a nan ya rasu cikin shekarar 1799, a nan kuma aka binne shi. Wata ƙungiyar mata ce ta sayi gidan a 1858 ta raya shi, har yau jama'a na tururuwa zuwa ziyara.

Yabon gwani ya zama dole. Mutumin da ya jagoranci yaƙin neman 'yancin kai, sa'an nan ya sauka daga mulki don kansa bayan wa'adi biyu, ya cancanci a tuna da shi. To, amma a shekarar da ya rasu akwai bayi 317 a gandun. Guda 123 ne mallakarsa, ya kuwa bar wasiyyar 'yanta su. Sauran suka ci gaba da bauta. Makabartar bayin tana kusa da kabarinsa, ba suna ko ɗaya a kan kushewa. Sai a 1983 aka kafa musu hasumiyar tunawa ta sosai, wadda ɗaliban Jami'ar Howard suka zana.

Wasu na ganin tono wannan zance zubar da girman gwarzo ne. Ba haka ba ne. Wurin tarihi makaranta ce, malamin da ya karantar da rabin darasi kuwa ya cuci almajiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya je ziyarar kabarin maigida, wajibi ne a nuna masa na waɗanda suka nome gonar.