Kafin mu biya, a buɗe mana akwatin



A shirinmu na daren Laraba wani bawan Allah ya kira yana kuka da ampilin masallacin unguwarsu. Karo-karo aka yi aka saye shi wajen mai haɗawa a kasuwa, wata huɗu ya mutu. Da aka kwance, sai ga tsaka a ƙone bisa plak ɗin, wato farantin nan kore mai ɗauke da ƴan kayan lantarki. Ta ramin waya ta shiga, don an huda shi har yatsa biyu na wucewa.

Gaskiya matasanmu masu haɗa ampili da caja, daga Maradi har Damagaram, sun iya aiki. Amma in an zo ga akwati, sai a yi na a tashi. A samo katako ko gwangwani, a ɗiga kol mai zafi, a manna plak, shi ke nan. To ina kol ina zafin Afrilu da ke haura digiri 40? Ya saki, plak ya shiga yawo. A ɗora kayan bisa kabu-kabu, girgiza ta tsinke dalma. In kuwa akwatin na ƙarfe ne, plak ya taɓa jikinsa, kuran 220 na iya bi ta nan ya kai ga hannun ladan.

Abin da ake so bai da yawa. Bis huɗu a kusurwoyi, da ƴan ƙafafun roba da za su ɗaga plak kada ya zauna bisa ƙarfe. Ramukan shan iska su zama ƙanana, a gefe ko ƙasa, don na sama ƙurar hunturu kawai suke tarawa, in damina ta zo ƙurar ta sha danshi ta haɗa wuta. Bakin ramin waya a sa roba, wayar a ɗaure ta daga ciki, ko yaro ya fizga kada ta taho da plak.

Mu masu saye ma da laifinmu. Ƙara kawai muke tambaya, sannan mu yi ta tayi har mai aiki ya rasa inda zai rage in ba akwati ba. Gara mu ƙara masa jika guda, mu ce ya ɗauko turnabis ya buɗe a gabanmu, mu girgiza mu ji ko wani abu na motsi ciki.

Su mutanen masallacin, ranar Juma'a za su sake zagayawa da faranti.