"Kaɗan" Ba Ma'auni Ba Ne

'Yan makaranta, wannan makon za mu duba rubutun da ake karantawa don a aikata, kamar umarnin haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa.

Idan ka rubuta "a zuba gishiri kaɗan", ka bar uwa da canke. Kaɗan ɗin Hajiya daban, na amarya daban, kuma gishiri in ya yi yawa illa yake wa yaro. Rubuta adadi: tsaftataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ƙara da cewa shafaffe, ba mai tozo ba.

Kowane mataki layinsa daban, wanke hannu a farko. In ka gama, ba ƙaninka takardar ya bi, kada ka ce uffan. Inda ya tsaya yana tambaya, nan za ka gyara.