An Kama Daddawa, An Saki Ɓera

Duk lokacin da aka damfari wani ta waya a Kankiya ko Kusada, hukuncin jama'a ɗaya ne: ko kwaɗayi ne ya ja shi, ko rashin wayewa. Sai a ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a rufe zancen. Wannan hukunci zalunci ne, kuma shi ne ya ba kamfanonin waya da bankuna da hukumomi damar zame jiki daga nauyin da ke wuyansu.

A duba yadda abin yake faruwa. Manomi ya sayar da hatsinsa, an tura masa kuɗin ta banki. Sai wani ya kira shi da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunansa da bankinsa, ya ce za a rufe asusunsa kafin la'asar in bai karanto lambobin katinsa da waɗanda aka turo masa yanzu ba. Wani kuma da tallafin gwamnati ake zuwa masa. Wata da tsakar dare ake kiranta da shaƙaƙƙiyar murya, a ce aljani ne, a tsoratar da ita da rayuwar 'ya'yanta. A mafi yawan waɗannan, tsoro ne makamin, da gaggawa. Kuma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina ɗan damfara ya samu suna da lamba da banki? Manomi bai buga su a jarida ba. Daga wani wuri da aka ba amanarsu suka zube.

Za a ce ai hukuma ta yi nata. Gaskiya ne, tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta samar da lambar 2442: wanda ya tura kalmar STOP zuwa gare ta, ya toshe tallace-tallacen da bai nema ba, wanda ya tura HELP kuma ya zaɓi irin waɗanda yake so. Akwai kuma 622, layin kai ƙorafi kyauta. Amma garkuwar nan aka ɗinka wa mai karanta Turanci. Tsohuwar da ke wani ƙauyen Kusada, wadda jikanta ke adana mata lambobi, ta yaya za ta rubuta STOP? Ita ce ake yanke wa kuɗin kiɗan kira da ba ta san ta saya ba. Me ya sa za a buɗe ƙofar kowa ga masu talla, sannan a ce mai gida ya nemi makulli? Daidai shi ne a rufe ta tun farko, mai son talla ya buɗe da kansa. Ban da haka, 2442 ba ta tare ɗan damfarar da ke kira da layi irin na kowa.

A nan ne maganar rajista ta shigo. Tun 2014 ake da lambar BVN ta banki. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Mutanen karkara sun bar gona da kiwo, sun biya kuɗin mota, sun wuni a layi, an ɗauki hoton yatsunsu, bisa alkawarin cewa daga nan babu layin da ba a san mai shi ba. To, layin da ya kira yana da suna, asusun da kuɗin suka faɗa yana da suna. In har yanzu ba a gano ɓarawo, ko dai rajistar ta cika da ƙarya, ko kuma asarar talaka ba ta kai a bi sawunta ba. Ba rashin iko ba ne: a Satumbar 2021 an katse sadarwa baki ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Hannun da ya iya kashe layukan al'umma guda ba zai kasa kashe layin da mutum goma suka kai ƙararsa ba.

A Birtaniya, tun Oktoban 2024, doka ta tilasta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar. Hikimar a fili take: ranar da asara ta fara shiga aljihun banki, ranar zai fara tantance wanda yake buɗe wa asusu. Nijeriya ma tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Abin da ya rage shi ne a ga an hukunta masu zubar da bayanan jama'a. Waɗannan batutuwa ne da ya kamata a ji su daga bakin ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya da Ingawa da Kusada: toshe talla tun daga ranar sayen layi, gargaɗi da muryar Hausa da Fulfulde, da diyya ga wanda aka cuta.

Kafin nan, nauyin ya faɗo kan masu ilimin yankin: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, limamai, da masu POS. Minti ɗaya ya isa a tura STOP daga wayar mahaifiya ko maƙwabci. A kuma koyar da ƙa'ida ɗaya: banki ba ya neman lambar sirri ta waya, kuma duk wanda ya ce yanzu-yanzu, a kashe kiran, a je reshe. Wanda aka riga aka cuta ya garzaya a toshe asusunsa, ya rubuta ƙorafi ga bankin, in ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa Babban Banki.

Sama da komai, a daina yi wa wanda aka damfara dariya. Kunyar da ke sa shi yin shiru ita ce ke ba ɓarawo damar kiran lamba ta gaba.