A daina fakewa da Shata

Duk lokacin da aka ce wa masu kiɗan fiyanon finafinan mu su je su ƙaro ilimi, amsar su ɗaya ce: kiɗa baiwa ce, ai Shata ma bai shiga aji ba. A Funtuwa ma, inda Dakta Mamman Shata ya yi zaman sa, abin da yaran situdiyo ke faɗa maka kenan. Haba jama'a! Mutumin nan ya rasu tun 1999, a ƙyale shi ya huta mana.

Gaskiya ne Shata kan ƙirƙiri waƙa nan take a gaban jama'a, ba tare da takarda ba. Amma su wa ke riƙe masa gindin waƙar? Makaɗan kalangu. Shi kuwa mai kalangu a ƙasar Hausa tun ya na yaro ya ke bin ubangidan sa, ya yi shekara da shekaru ya na kanzagi kafin a yarda ya matse tsarkiya a hammata ya sa kalangu ya yi magana. In wannan ba makaranta ba ce, to mece ce?

Ku dubi jaz, kiɗan da baƙar fatar Amurka su ka ƙago. Mai fiyanon jaz shi ma nan take ya ke ƙirƙira, kamar Shata. A 1975 Keith Jarrett ya zauna a birnin Kolon na Jamus ya yi sama da awa guda ya na kiɗan da bai rubuta ba, har yau kuma ana sayen faifan. Sai dai tun ya na ɗan shekara 3 aka fara koya masa fiyano, daga baya ya shiga makarantar Berklee da ke Boston. Ɗalibin jaz sai ya iya kaɗa waƙa guda a matakan murya 12, hagun sa na riƙe da gindi, daman sa na yawo, kunnen sa na kan mai ganga. Daga nan ne a ke sakar masa mara ya ƙirƙira.

Namu fa? Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, fim ɗin Sangaya ya yi tashe, da yawan su mataki ɗaya su ka iya. In muryar mawaƙiya ba ta kai ba, a danna maɓalli inji ya sauke kiɗan. Gangar ma inji ke bugawa. Yanzu da kwamfuta ta zo, yatsu biyu sun isa. Shi ya sa za ka ga an yi mutuwa a fim, uwa na kuka, amma kiɗan da ke tashi na ranar kamu ne. Wanda ya rasa na yi kuma ya yanko na Indiya ya liƙa. Wallahi abin kunya ne.

Ba na ɗora laifin duka a kan yaran. Wa ya koya masu? Furodusan da zai kashe maƙudan kuɗi wajen hayar mota da leshi, shi ne zai ba mai kiɗa kwana ɗaya ya gama fim sukutum.

Abin haushin, a 1961 Randy Weston, gwanin fiyanon jaz, ya taso daga Amurka har Legas neman tushen kiɗan sa. Mu tushen na tsakar gidan mu, amma da kaka, in an sayar da masara da auduga an shiga bukukuwa a Malumfashi da Bakori, DJ a ke ɗaukowa, masu kalangu na zaune.

Makarantar MUSON na nan a Legas, ta na bada difloma ta shekara 2. Manyan furodusoshi su haɗa kuɗi su tura yara ko da uku ne, da sharaɗin duk hutu su dawo su zauna gaban masu kalangu da kukuma da su ka rage.